Gogewa: Darasin da Na Koya a Jikin Motar Mahaifina

Ɗaliban da suka taɓa zama a ajina sun san cewa duk shekara, idan muka iso kan aikatau da giredodinsa, da kalmar “goge” nake buɗe misali. Nakan rubuta ta a allo, in jero danginta a ƙarƙashinta: goga, goge, gogu, guga, gogayya, magogi, gogagge. Daga nan sai in tambaye su abin da Bahaushe yake nufi idan ya ce an goge abu. Wani ya ce an fito da ƙyallinsa, kamar yadda ake goge takalmi. Wani kuma ya ce an share shi ya ɓace, kamar yadda ake goge rubutun allo. Dukansu sun yi daidai. A tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960, “goge” tana cikin giredi na huɗu, wanda yake nuna cewa aiki ya game abu har ƙarshensa.

Abin da ban cika gaya musu ba shi ne inda na gane cewa waɗannan ma'anoni biyu aiki guda ne. A tsakar gidanmu na gane, a wani ƙauyen Hausawa na Jazira a ƙasar Sudan, ina riƙe da injin goge fenti, a gefen motar mahaifina.

Ƙauyen da motar

Ƙauyenmu yana tsakanin Wad Madani da Sinnar, ba nisa da gaɓar Shuɗin Nilu. Hausawa da Fulani sun daɗe suna bin wannan hanya zuwa aikin Hajji, amma ayarin ya ƙaru sosai bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas da jama'arsa, har suka kafa garin da ake kira Mai Wurno, kudu da Sinnar kaɗan. A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gandun auduga na Jazira, wanda daga baya ya haura fadan miliyan biyu. Gandun yana buƙatar hannuwa, mahajjata kuma suna buƙatar guzuri. Kakana ya baro ƙasar Katsina a ƙafa, ya tsaya tsinkar auduga domin ya tara kuɗin ƙetare teku. Kafin kuɗin su taru, 'ya'ya sun taru.

Mahaifina bai gaji gona ba, domin ba a cika ba irinmu hawasha ba, wato filin da hukumar gandun take ba manomi. Da yaron mota ya fara, a manyan motocin Bedford da mutanen Sudan suke kira sifinja, sannan ya zama direba. A 1987 ya sayi tasa ta hannu: jar akori-kura ƙirar Toyota Hilux, irin wadda ake kira boksi a can. Ita ta riƙa kai albasa da dawa da tumatir kasuwar Madani. Ita ta riƙa ɗaukar mai naƙuda cikin dare, ita kuma take kai gawa maƙabarta idan damina ta jiƙa baƙar lakar Jazira. Da kuɗinta aka biya mini makaranta.

A can kowace motar haya da rubutunta, kusan duk da Larabci. Mahaifina ya ce tasa da Hausa za a yi. Mai rubutun motoci da ya samu a Madani ba ya jin Hausa, saboda haka mahaifina ya rubuta masa da ajami a takarda, shi kuma ya kwafa da farin fenti a gefen akorin, ta ɓangaren direba: “Haƙuri maganin zaman duniya.” Ina yaro, da wannan rubutu nake gane motarmu tun daga nesa.

Shekaru suka ja. Farin fentin ya tsattsage, ya riƙa zubewa, har ya ƙare ƙaf. Ni kuma na tafi karatu, na kai har Jami'ar Bayero ta Kano inda na yi digiri na uku, na dawo na kama koyarwa. Allah Ya yi wa mahaifina rasuwa a 2017. Motar ta zauna a hannun ƙanena, tana aiki, amma jan nan nata ya koɗe ya koma kamar jan kanwa da aka tsarma. In ka shafa ta da tafin hannu, sai wani gari mai kama da alli ya biyo ka.

Abin da rana da ƙura suke yi wa fenti

Yana da kyau mai karatu ya san yadda fentin mota yake, domin a nan kuskurena ya samo asali. Motocin zamani hawa uku ake yi musu: shimfiɗar ƙasa mai kama ƙarfe, sai launi, sai wani garai-garai a sama wanda shi ne yake ƙyalli, yake kuma tare rana. Duka ukun a haɗe kaurinsu bai cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, kusan kaurin takardar rubutu guda. Na saman kuwa kimanin maikuron 40 zuwa 50 ne, bai kai kaurin silin gashin kai ba. Tsofaffin motoci irin tamu ba su da wannan hawa na sama. Launin da ƙyallin a haɗe suke, kuma su ne suke fuskantar rana kai tsaye.

Ranar Jazira ba ta da sauƙi. Haskenta yana cinye danƙon da yake riƙe da launin, sai saman fentin ya mutu ya zama gari, kuma jan fenti ya fi kowane saurin nuna hakan. Ga kuma habub, guguwar ƙurar da take tasowa kamar bango gab da damina. Ƙwayar rairayi ta fi fenti tauri nesa ba kusa ba. Duk wanda ya ɗauki busasshen tsumma ya share ƙura a jikin mota, tamkar ya bi ta da sanfefa ne. Ruwan tur'a, wato magudanar gandun, shi ma ɗauke yake da laka tun daga tsaunukan Habasha, musamman lokacin cikar kogi. Da shi aka wanke motarmu shekara talatin.

Gogewa da inji ba ta ƙara wa fenti komai. Man da ake sa wa soson injin yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu kaifi, su ne suke kankare mataccen saman, su sassabe tudun da ke gefen kowane ƙarzane har wurin ya daidaita, haske ya riƙa dawowa ido a miƙe. Ƙyallin da ake gani, saura ne na abin da aka bari bayan an ɗebe. Na san wannan a karance tun kafin in taɓa injin. Sai dai karatu daban, hannu daban.

Ranar aikin

A wata tafiya da na yi Kano a 2019 na shiga kasuwar Ƙofar Ruwa na sayi injin gogewa mai juyi ɗaya, da sosuna uku masu bambancin tauri, da mai iri biyu, mai kaushi da mai laushi, da gwangwanin kakin mota. Akwai wani injin mai juyi biyu, wanda yake juyawa yana kuma karkarwa, ba ya tara zafi a wuri guda, shi ya fi dacewa da ɗan koyo. Mai shagon ya gaya mini haka. Na ce na gwanaye nake so. Niyyata in mayar da motar yadda take ranar da mahaifina ya shigo da ita, in nuna wa mahaifiyata.

Lokacin hutun sanyi na isa gida. Na tura motar ƙarƙashin rakuba, rumfar karan da ke tsakar gida, domin ba a goge fenti a rana: ƙarfe ya yi zafi, mai ya bushe kafin ya yi aiki. Na ajiye ruwan tur'a a randa kwana guda har lakar ta kwanta. Na wanke motar da bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, daga sama zuwa ƙasa, don kada rairayin ƙasa ya hau sama. Na tsane ta da tsumma mai laushi. Na bi robobi da fitilu da gefunan ƙofofi na liƙe da tef. Har nan ban yi kuskure ba.

Baffana, ƙanen mahaifina, wanda ya yi masa yaron mota shekara da shekaru, yana zaune a kan angarib yana shan gahawa yana kallona. Shi a zamaninsu ɗan man gas suke ɗigawa a tsumma su shafe mota ranar salla, ta yi sheƙi kwana biyu, ta kwashi ƙura ta fi da. Ya dubi injin, ya dubi wayar da na jawo daga janareta, ya ce, “Ɗana, wannan abin me yake ci?”

Na ce, “Baffa, dattin fenti yake ci.”

Ya ce, “To, a bi sannu. Fenti ba ciyawa ba ne, ba ya tsirowa.”

Na fara da murfin inji. Na ɗiga mai sau huɗu a soso, na shafa shi a fili kamar kamu ɗaya da rabi kowane gefe, na kunna injin a ƙaramin gudu, na riƙa tafiya a hankali, tsaye da kwance, kowane layi yana hawa rabin na baya. Cikin ɗan lokaci soson ya rine ja jawur, alamar cewa launin kansa nake ci. Na share wurin da tsumma. Sai ga wani ja mai zurfi, irin wanda rabona da shi tun ina ɗan firamare, har ina hango karan rumfa a cikinsa. Yaran gida suka yi shewa. Baffa ma ya taso ya leƙa fuskarsa.

Daga wannan lokaci ne hankalina ya bar jikina. Ƙa'idar aikin ita ce a gwada ƙaramin wuri da mafi laushin soso da mafi laushin mai, in bai isa ba a ƙara. A riƙa taɓa ƙarfen da bayan hannu don jin zafinsa. A tsaya bayan kowane fili a duba shi da haske daga gefe. Ni kuwa na ƙara gudun injin, na sa soso mai tauri, na riƙa dannawa domin in gama kafin la'asar. A kan ƙirin ƙofar direba, inda ƙarfe ya lanƙwasa kuma fenti ya fi siranta, na ɗan daɗe. Da na ɗaga, sai ga wani siririn layi mai ruwan toka, tsawon ɗan yatsa. Na huda launin, na isa shimfiɗar ƙasa. Wannan ba ya gyaruwa sai da sabon fenti. Na ji haushi, amma na ce ƙaramin abu ne, na wuce gefen akori. Na fara daga dama, na gama fili guda, sai aka kira sallar la'asar.

Da hasken yamma

Bayan salla rana ta sunkuya, haskenta ya shigo ƙarƙashin rumfar a kwance. Mahaifiyata ta fito daga ɗaki. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Da “kai wannan” na girma, da na fara koyarwa ta koma ce mini Malam. Ta zagaya motar ba ta ce komai ba, har ta zo gefen direba. Ta tsaya, ta ɗora yatsa a kan filin da na gama, ta ja shi a hankali zuwa hagu. Sannan ta ce, “Malam, ina haƙurin?”

Ban gane ba sai da na sunkuya na dubi wurin daga inda take tsaye. Farin fentin rubutun ya zube tun da daɗewa, amma shekarun da ya yi a wurin ya kare jan da ke ƙarƙashinsa daga rana. Saboda haka haruffan sun rage a jikin motar kamar inuwa, ja mai ɗan duhu a cikin koɗaɗɗen ja, masu ɗan tudu da ido ba ya gani sai haske ya zo daga gefe. Da tsakar rana a inuwar rumfa babu wanda zai lura. Ajami daga dama yake farawa, ni ma daga dama na fara. Na daidaita wurin tas, launi da tudu duka. Kalmar farko ta tafi. Abin da ya rage shi ne “maganin zaman duniya”.

Ashe kullum da yamma, idan ƙanena ya dawo ya ajiye motar, takan fito ta zauna a gefen nan. Ba ta yi boko ba, amma ta yi allo, kuma ta san hannun mijinta, domin mai rubutun bai yi komai ba illa kwafar yadda mahaifina yake lanƙwasa haruffansa. Ba mu da wata wasiƙa tasa, ba mu da littafi. Takardar da ya ba mai rubutun ta ɓace tun tuni. Wannan inuwa ita kaɗai ce rubutun hannunsa da ya rage, kuma ni, mai digiri a kan harshen Hausa, na manta da tana nan.

Na ce, “Inna, ki gafarce ni. Zan kai ta Madani a sake rubutawa.”

Ta ce, “Wa zai ba shi takardar?”

Baffa bai ce ya gaya mini ba. Ya dai tashi ya zare wayar injin daga janareta, ya naɗe ta a hannunsa. Garin gyaran gira na taɓa ido. Washegari na gama sauran jikin motar da mai mai laushi, a mafi ƙarancin gudu, ina tsayawa ina dubawa da tocila daga gefe. Gefen akorin kuwa na kewaye kalmomi ukun da tef, ban bari soso ya kusance su ba. Kaki kawai na shafa musu da hannu, shi ma sama-sama. Motar ta fito tana walƙiya, sai wani koɗaɗɗen zirin da ya rage a gefenta kamar faci. Mutanen ƙauye suka riƙa tambayar ƙanena ko man ne ya ƙare.

Shekarar laka

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023. A watan Disamba na shekarar mayaƙan RSF suka kama Wad Madani, tashin hankali ya bazu cikin ƙauyukan Jazira. An rufe jami'o'i, ni da iyalina muka fita, daga bisani muka iso Kano. Inna ta ƙi tashi, ƙanena ya zauna da ita. A lokacin babu abin da yake jawo wa gida 'yan bindiga kamar mota, musamman akori-kura mai lafiya.

Da aka samu layin waya, ƙanena ya gaya mini abin da ya yi. Ya cire tayoyin huɗu da batir ya binne su a bayan gida. Ya ɗora motar a kan tubala. Ya kwaɓa baƙar laka da tsohon baƙin mai, ya yaɓe ta tun daga rufi har ƙasa, ya watsa mata kara da kashin kaji, don duk wanda ya leƙo ya ɗauka gawa ce ta shekara goma. Ya ce, “Yaya, ƙyallin nan naka sai da ya ci mini laka baro uku kafin ya mutu.” Muka yi dariya, irin wadda ake yi don kada a yi kuka. Sau biyu ana shiga gidan. An tafi da buhunan dawa da janareta da injin gogewar nan nawa. Motar kuwa an harbi ƙofarta da ƙafa, an wuce.

A watan Janairun 2025 sojoji suka karɓe Wad Madani. Bayan 'yan watanni ƙanena ya tono tayoyin. Ya kira ni ya ce zai kankare lakar da wuƙa. Na roƙe shi kada ya yi. Na ce ya jiƙa ta da ruwa mai yawa, ya bar ta ta sha, ya sake jiƙawa, har lakar ta saki da kanta, sannan sabulu da soso mai laushi, ba dannawa. Kwana uku ya yi yana wannan. Fentin ya fito da tabo-tabo, mai ya shiga wasu wurare, tsatsa ta kama layin nan da na huda a ƙofar direba. Na ce ya jira la'asar sakaliya, ya tsaya daga gefe, ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp.

Kalmomi ukun suna nan. Sun ƙara dusashewa, amma ana karanta su.

Ɗan ƙanena mai shekara tara yana tsaye kusa da wayar. Kamar yawancin tsaransa, Larabci ya fi zama a bakinsa. Hausa yana ji, amma da Larabci yake mayar da amsa. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi littafi guda a 1999 kan yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci, kuma abin da ya bayyana ina jin sa a gidanmu duk lokacin da na buga waya. Yaron ya san haruffan tun daga makarantar allo, saboda haka ya bi su da yatsa yana haɗawa da ƙyar: ma-ga-nin, za-man, du-ni-ya. Ya gane “duniya”, domin akwai ta a Larabci. Ya juyo ya tambaye ni da Larabci ma'anar sauran. Na fassara masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, to mene ne maganin, ai ba a rubuta ba.

Kafin in buɗe baki, na ji muryar Inna daga bayan wayar, da Hausa, tana ce masa ya zo ta gaya masa. Ya ruga wurinta. Ƙanena ya tambaye ni ko in na samu zuwa zan taho da wani injin, tunda fentin ya sake mutuwa. Na ce ya nemi ɗan jan fenti ya ɗiga a kan tsatsar ƙofar kafin damina, ya riƙa wanke ta da ruwan da ya kwanta, ya kuma ajiye ta yadda gefen direba zai fuskanci yamma.